Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarun Samariya

Makon jiya na tsaya a rasuwar Inna Babba. Na so in wuce kai tsaye zuwa tafiyata Arlit, amma zancen samariya, wato ƙungiyar matasa, ya tokare mini maƙogwaro, sai na fitar da shi tukuna.

Lokacin da Seini Kunce ya kifar da shugaban ƙasar Nijar Diori Hamani a watan Afrilun 1974, ina ɗan shekara goma sha shida. Fari ya gama da mu, rumbun Baba ko ɓera ya daina leƙawa. Kwatsam sai ga motocin soja da buhunan hatsi har ƙofar maigari. Wanda bai ɗanɗana yunwar nan ba, ba zai gane son da muka yi wa mutumin nan ba. Ni dai har gobe ba a zaginsa a gabana.

Samariya ba Kunce ya ƙirƙiro ta ba. Tun zamanin kakanni akwai sarkin samari, akwai gayya. Shi dai ya ɗauko ta ya sa mata hular gwamnati, umarni ya riƙa saukowa daga Yamai zuwa kumandan, wato mai mulkin gunduma, daga kumandan zuwa maigari, ya sauka a kanmu. Mu muka gina azuzuwa uku na lakwal ɗin garinmu. Da ƙafa muke kwaɓa ƙasa tun asuba, 'yan mata na jido ruwa daga rijiya, mai kalangu na zuga mu. Wata fasasshiyar kwalba da ke cikin kwaɓin ta tsaga mini tafin ƙafar dama, na ɗaure da tsumma na koma ciki. Tabon yana nan. Kowace ran 3 ga Agusta kuma mu ne dashen itace, dogon yaron da ke bakin kasuwa duk hannunmu ne.

Baba kan dube ni na dawo buɗu-buɗu, ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Raina ya ɓaci. Har na taɓa ce masa, "Baba, aikin ƙasa ne fa." Bai tanka ba, ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Sai ga bikin matasa na ƙasa, wanda ake zagayawa da shi jiha-jiha. Dole sai an tace gwanaye a Maraɗi kafin a wuce gaba. Wata uku muna koyon wasan kwaikwayo a hasken fitilar ƙwai, ni ne babban ɗan wasa, kuma rabin maganganun daga kaina suka fito. An auna ni, an ɗinka mini rigar atamfa irin ta 'yan tawaga. Ranar tafiya, na riga na sa ƙafa a tayar mota zan hau, sarkin samarinmu ya dafa ni ya ce, "Ƙanena, sauko, kujeru sun kasa." Ɗan ƙanwarsa aka sa a gurbina. A gaban jama'a na tuɓe rigar nan na miƙa masa, hannunta ma ya yi masa tsawo sai da ya naɗe. Allah ya isa ban faɗa ba a ranar, amma ban yafe ba.

Da na shiga gida Baba bai maimaita karin maganar tasa ba. Shirun nan ya fi mini ciwo.

A yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da Buhari ya yi, sarkin samarin nan dai shi ke riƙe da takardar rabon hatsi. Gidanmu mutum goma sha ɗaya, aka rubuta bakwai. Kura da shan bugu. Shekaran jiya babban ɗana yake ce mini ai Kuncen ne ya ba irinsu wuƙa da nama. Na ce masa kul. Mutumin da kan faɗo ofis ba sanarwa ya kama mai makara, da labarin takardar nan ya kai kunnensa, da wani ya kwana a gidan kaso. Haka na yarda, haka zan mutu a kai.

Ran 10 ga Nuwamban 1987 ina Arlit, rediyon Muryar Sahel ta sanar Kunce ya rasu a asibiti a Paris. Na zauna a kan wani tsohon garwa na yi kuka kamar yaro. Yadda aka yi na kai Arlit ɗin da kuɗin akuyar Inna Babba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.