Asabar a hanyar Mirya: darasin harbin nesa, babu bindiga

Hazo ya yi sauƙi yau. Tun bayan asuba ana hango duwatsun Birni daga ƙofar gidanmu, abin da bai samu ba duk makon nan. Na kira Kawu na ce, "Kawu, in kuna nan kan bakanku, yau garin ya washe." Ya ce in zo da babur, kada kuma in manta da kayan shayi.

Ga inda zancen ya samo asali. Yayana, ɗan wan babanmu, yana aiki a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, kuma ya shiga ƙungiyar masu gasar harbin allo daga nesa. Ni ma wurin aikinmu na awon filaye za su tura ni ƙaro ilimi can, ya ce in na iso zai kai ni filinsu. Da na tambaye shi wace bindiga sabon shiga ya kamata ya saya, dariya ya yi a saƙon murya. Ya ce sabon shiga ba ya sayen komai, ƙungiya tana da ta aro. Abin da zan iya farawa da shi daga nan Damagaram shi ne karatun iska. "Ai kai da madubi kake kwana kake tashi," in ji shi.

Dama ko na so, maganar bindiga ba ta taso ba. A ƙasar nan ba a riƙe ta sai da takardar izinin hukuma, kuma a halin da ake ciki babu mai hankalin da zai saɓa abin da ya yi kama da ita ya nufi daji. Abin da na ɗaure a bayan babur shi ne na'urar awo da ƙafafunta uku, sandar awo, turaku, kwali, tsofaffin ɗankwalayen Inna da na yayyaga, littafi da bik. Filin da muka je wanda muke rarrabawa ne a kan hanyar Mirya. Mai gari ya san fuskata, masu gonakin gefe ma sun saba ganina ina leƙen madubin na'urar awo.

Kawu tsohon ajidan ne na soja. Ba ya son a tambaye shi labarin aiki, mu ma ba mu tambaya. Duk tsawon hanya abu ɗaya ya faɗa: "Wato mutum ya ci ya ƙoshi, ya je ya yi ta huda takarda."

Na auna mita 914 daidai, na kafa kwali a ƙarshe, na zana da'ira da gawayi mai faɗin santimita 25, kamar murfin kwanon miya. Girman tsakiyar allo ke nan a irin gasar da Yaya yake yi, kuma a cikinta akwai wata ƙarama, rabin wannan, wadda da ita ake raba gardama in maki ya zo ɗaya. Sannan na bi layin ina kafa turaku jefi-jefi, ina ɗaura wa kowanne tsumma. Da na dawo inda Kawu yake hura gawayi, na waiwaya, kwalin kansa da ƙyar ido ke kama shi, balle da'irar.

Ya tambaye ni dalilin 914, me ya hana 900 ko 1000. Na ce yadi 1000 ke nan na Turawan Ingila, domin wasan nasu ne tun asali. Sun kafa ƙungiyar harbi ta ƙasa a 1859, suka yi gasar farko a 1860 a Wimbledon, gefen Landan. Sarauniya Biktoriya ce ta yi harbin buɗewa: an saita mata bindiga a kan matokari, ita kuma ta ja igiya. A 1890 aka mayar da gasar Bisley, inda ake yin ta har yau, kuma wanda ya ci kyautar Sarki a kan kujera ake ɗaukar sa a zagaya da shi. A 1930 mace ce ta ci, Marjorie Foster. Amurka kuma ta fara gasar ƙasashe da ake kira Palma a 1876, ana harbi daga yadi 800 da 900 da 1000.

Kawu ya kurɓi na farko, ya ce, "A 1860 wa ke sarauta a nan?" Na ce Sarki Tanimu. Ya ce, "To. Lokacin da ake saita wa waccan bindiga ta ja igiya, maƙeran Tanimu igwa suke zubawa a cikin Birni." Ban ja da shi ba, domin gaskiya ce. Sai dai abin da ya rage mana daga wancan zamani shi ne 'yan bindigar da ke buga albarushi ranar hawan sallah, su kuwa ƙara da hayaƙi ake nema a wurinsu, ba saiti ba.

Abin da ya sa ya ajiye kofi shi ne lissafi. Ɗaya daga cikin harsasan da ake amfani da su a wannan wasa samfurin .308 ne, nauyinsa wajen giram 10, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. Kafin ya isa kwalin can sai ya yi kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a sama, ya kuma sauko wajen mita 9. Wannan saukowar ba ta damun kowa, don a fili ɗaya kusan kullum haka take: ka rubuta a littafi, ka murɗa saiti, shi ke nan. Iska ce ba ta da alƙawari. In tana kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa, wadda a nan ko hula ba za ta cire maka ba, za ta ture harsashin sama da mita 2. Raba ka gani: kowane kilomita 1 a awa ya kai santimita 13 ko fiye, alhali daga cibiyar da'irar zuwa bakinta santimita 12 da rabi ne. Wato in iska ta ɗan ƙaru da abin da fatar fuskarka ma ba za ta ji ba, ka fita daga tsakiya, ko da hannunka bai motsa ba.

Daga nan muka zauna kallon tsummoki, kuma nan ne ranar ta yi mini daɗi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kowane yaro ya san haka. Amma a kan layi ɗaya na ƙasa da kilomita guda, tsummokin ba su taɓa yarda da juna ba. Na kusa da mu ya miƙe sosai. Na tsakiya, inda ƙasa ta ɗan faɗa tsakanin duwatsu biyu, sai ya yi ta juyi, wani lokacin ma ya nuna baya. Na kusa da kwali ya kwanta lakwas saboda gawon da ya kare shi. Kawu yana faɗin ƙarfinta yadda ya gani, ni ina rubutawa da lokaci. Ya koya mini lissafin agogo irin na soja: ka ɗauka allon yana ƙarfe 12. Iskar da ta zo daga ƙarfe 3 ko 9 ana lissafa ta duka. Wadda ta zo daga ƙarfe 1, 5, 7 ko 11, rabi ake ɗauka. Wadda ta zo daga gaba ko baya kusan ba ta ture komai gefe. Na ce masa ai wannan rabin shi ne sinus na digiri 30 da aka koya mana a lakwal. Ya ce shi ba a faɗa masa sunansa ba, an dai ce ya haddace.

Abin da na lura, iskar tana da ɗabi'a. Takan taso ta daɗe a wani ƙarfi, ta faɗi na ɗan lokaci, ta sake komawa inda take. Yaya ya ce gwanaye ba su bin kowane canji. Sukan gane yanayin da ya fi daɗewa, su saita a kansa, su lura da lokacin da ya kauce. Matsalarmu a yau ita ce babu alƙali. In Kawu ya ce ta kai goma na ce takwas, babu ramin harsashi a kwali da zai raba mu, sai dai girma, shi kuwa girma kullum nasa ne.

Wajen ƙarfe 11 ƙasa ta ɗau zafi, kawalwalniya ta fara. A wurin aiki abokiyar gaba ce, don ita ke sa lambobin sanda su yi ta rawa a madubi, shi ya sa muke son gama awo mai nisa da sassafe. Yau kuwa ita nake nema. Na ɗan sassauta madubin yadda ba kwalin yake kamawa ba, sai iskar da ke tsakani. Sai ga kawalwalniyar tana gudu daga hagu zuwa dama. In iska ta lafa, sai ta koma tafasa a tsaye. In ta ƙaru, igiyoyin su kwanta su miƙe, kuma daga wajen kilomita 20 a awa ba ka ƙara gane bambanci, sai ka koma wa tsummoki. Ta fi tsumma saurin faɗin gaskiya, don tsumma yana da nauyi, sai iska ta canza kafin ya bi. Na daɗe a kan madubin nan har wuyana ya ƙage. Kawu ya leƙa sau ɗaya ya ce idonsa ba ya ɗaukar wannan yanzu.

A nan na ba shi labarin ajin da Yaya yake ciki. Asalin wasan da saitin ƙarfe ake yi, babu madubi, mutum yana kwance ruf da ciki, maɗauri ne kawai ke tallafar hannunsa. Wani dattijo ɗan Kanada, George Farquharson, da ya ga ido da hannu sun fara gazawa, ya nemi a bar irinsu su sa madubi su kuma ɗora bindigar a kan matokari. Daga harafin farko na Farquharson aka samu ajin F, wanda yanzu matasa ma suka cika shi. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ashe sun san da tsofaffi."

Ban sani ba ko wannan ne ya sassauto shi, sai ya ce in shimfiɗa tabarma in kwanta, ya miƙo mini sandar awo. Ya gyara mini gwiwar hannu da ƙafarsa. Ya ce ƙashi ne ke ɗaukar nauyi, ba tsoka ba, don tsoka tana gajiya ta yi rawa. Ya sa na nufi wani kututture, na rufe ido, na ja numfashi na saki, na buɗe. In sandar ta kauce, ba da hannu ake dawo da ita ba, ƙugu ake matsarwa har jiki ya fuskanci wurin da kansa. Kunama kuma ba a fizgar ta, matsawa ake a hankali bayan an saki numfashi, kuma ko ta tashi ba a ɗaga kai. Wani makiyayi ya tsaya da awakinsa yana kallon ƙato kwance yana nuna kututture da sanda. Kawu ya ce masa, "Ɗana ne, lafiyarsa ƙalau."

Mun ɗan yi gardamar yadda ake yanka da'ira. Mu masu awo girad 400 muke yi, su soja miliyem 6400, kowane ɗaya kusan mita guda a nisan kilomita. Masu gasar nan kuwa da mintin digiri suke murɗa saiti, wanda ya kama kusan santimita 3 a mita 100. Kowa ya ce nasa ya fi sauƙi. Muka kwashe turaku kafin azahar.

A gida Inna ta ga ragowar ɗankwalayenta, ta ce ita dai duk abin da za a yi, kada a kawo mata ƙarfe cikin gida. Na ce ko can ma a hannun ƙungiya zai zauna.

Bayan isha Yaya ya kira. Na karanta masa abin da na rubuta, ya ce in ci gaba, amma in riƙa ƙara zanen filin da inda rana take. Ya ce filin da suke zuwa, mai sunan Janar de Wet, shi ya karɓi gasar duniya ta harbin nesa a 2024, kuma su da mita suke awo, mafi nisa 900, don haka in huta da 914. Garin yana wajen mita 1400 sama da teku, mu nan ba mu kai 500 ba. Iskar can ta fi sirantaka, harsashi ba ya saukowa kamar a ƙasa, shi ya sa lambobin littafin wani ba su yi wa wani aiki.

Ya kuma ce kada in sa rai da layin nesa da wuri. Farko darasin kiyaye lafiya: bindiga ba ta barin wurin harbi sai an duba an sa 'yar tuta a cikinta mai nuna babu harsashi, abin toshe kunne kuma dole ne. Bayan haka zai so in yi yini a ramin da ke ƙarƙashin alluna, inda ake sauko da allo a liƙe ramin harsashi a nuna maki, don daga nan ake ganin abin da iska ke yi wa gwanaye. Sannan mita 300. A gasa biyu ko uku suke kwanciya kan allo ɗaya suna karɓa-karɓa, kowa yana rubuta makin ɗan'uwansa, harbin gwaji biyu, kuma daƙiƙa 45 gare ka in layi ya zo kanka. Ka ga ke nan ba za ka kwanta kana jiran iska ta yi maka yadda kake so ba.

Na tambaye shi me zan taho da shi. Ya ce hula mai baki, littafin nan nawa, da kilishi na jika biyar, kuma in tambaya tukuna ko za a bar ni in shiga da shi a filin jirgi. Kawu ya aiko yaro yana tambaya ko Asabar mai zuwa ma akwai fita, wai in akwai a ƙaro sukari.