Gadar da ke rataye tsakanin Turai da Asiya

Sarin abaya da mayafai ne ya kai mu Istanbul, ni da maigidana na Kantin Kwari. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Alƙahira, sai Laleli, unguwar 'yan sari. Da aka gama ɗaurin kaya, Alhaji ya ce mu je Ortakoy shan iska. Nan ne gindin gadar Bosforus, mashigin tekun da ya raba Istanbul gida biyu, ta ɓangaren Turai, ɗaya ƙafar kuma tana Asiya.

Idon Bakano ya saba da gadar sama irin ta Ƙofar Nassarawa, ginshiƙi na bin ginshiƙi. Wannan kuwa tsakanin hasumiyoyinta mita 1,074 ne, ba ko ginshiƙi ɗaya a cikin ruwa, ga jiragen dakon kaya suna ratsawa ta ƙarƙashi. Alhaji ya daɗe da ɗaga kai, sannan ya ce, "Kai, wai me ya riƙe ta?"

Na ce, "Igiya ce, ranka ya daɗe."

Manya ne guda biyu, kowacce damin siraran wayoyin ƙarfe, an ɗora su bisa hasumiyoyi masu tsayin mita 165, an binne bakinsu cikin kankare a tudu. Daga jikinsu ƙananan igiyoyi ke saukowa su ɗauki titin. Injiniyoyin Birtaniya, Gilbert Roberts da William Brown, su suka zana ta. An fara aiki a 1970, aka buɗe ta a Oktoban 1973, Jamhuriyar Turkiyya na cika shekara 50.

Ni dai hidimar da ake mata ta fi burge ni, don iskar teku gishiri gare ta, tsatsa kuma ba ta hutu. Ƙananan igiyoyin nan a karkace suke da farko, an sauya su da miƙaƙƙu. Manyan kuwa busasshiyar iska ake hura musu, kada laima ta kwana a ciki. An hana tireloli hawa, sai su zaga ta gadar Yavuz Sultan Selim da aka buɗe a 2016. Mai tafiya a ƙasa ma sai ranar gudun famfalaki.

Don haka tasi muka hau. Alhaji bai daina salati ba sai da muka sauka a Asiya, can ya tambayi kuɗin mota.