Asabar ɗin da na ba tsohuwar .44

Asabar, da dare.

Yau dai Allah Ya yi na zauna da bindigar nan tawa, libarba, Smith & Wesson Model 29-2 mai cin harsashin .44 Magnum, wadda tun da ta shigo hannuna take min wani hali mai ban haushi. In na ɗana gudumar, wato ƙarfen baya da ke bugun gindin harsashi, da babban yatsa sannan na taɓa kunama lafiya lau take tashi, amma in na ja kunamar kai tsaye tun daga farko sai wani lokacin kaji ƙyas kawai ba komai, ka tsaya kana riƙe da ita baki na kallon allo kana ƙirga daƙiƙa talatin a ranka ko harsashin zai yi nauyin tashi ne, kafin ka buɗe. In ka ciro shi ka duba gindinsa sai kaga ɗan lotsawar da tsinken gudumar ya yi ko rabin na sauran bai kai ba.

Da safe na shimfiɗa tsumma a tebur, na buɗe silinda, wato gangar da ke juyawa da harsasai, na leƙa ramuka shidan ɗaya bayan ɗaya, na kwashe harsasai na kai wani ɗakin gaba ɗaya, wannan kam ba na wasa da shi ko ni kaɗai ne a gidan. Ina cire katakon mariƙin naga abun da nake zargi. Akwai ɗan sukuru a gaban ƙarfen mariƙin daga ƙasa, shi ke danne babban sifirin ɗin da ke tura guduma, to wanda ya riƙe ta kafin ni ya sassauta shi dan kunama ta yi laushi. Kuma ta yi laushin, ba ƙarya, amma ina amfanin laushi in harsashi ba zai tashi ba? Sukurun nan an yi shi ne ya zauna a ɗaure tam. Allah Ya sa bai goge masa baki da zarto ba kaman yadda wasu ke yi, da sai na nemo sabo. Na ɗaure shi har ƙarshe, kunamar ta ƙara nauyi nan take, na ce madalla, haka masu ita suka ƙera ta.

Tunda na riga na fara sai na buɗe murfin gefen ma. Nan ne ake gane wanda ya san bindigar da wanda bai sani ba, domin murfin ba a sa masa sukundireba a ɓanɓare shi, sukurorin kawai zaka kwance ka jera su yadda ka ciro su dan na gaban shi ke riƙe hannun silinda, wato ƙarfen da ke fito da ita gefe in an buɗe, bai kamata ya sauya rami ba, sannan ka riƙa ɗan bubbuga ƙarfen mariƙin da ƙotar katako har murfin ya ɗago da kansa. Gefen nawa ba ko ƙwarzane, alamar dai mutumin bai taɓa shiga ciki ba, na ji daɗin wannan sosai. Ciki kuwa tsohon mai ne ya daskare ya koma ruwan ƙasa yana danƙo. Na goge tas, na ɗiga sabo kaɗan kaɗan inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, na mayar da ɗan sandan nan da ke tare guduma a mazauninsa kafin in rufe. Dutsen wasawa ko kusa ban kawo shi ba. Haƙoran da ke riƙe guduma in ka ci su ba su dawowa, kuma bindigar da gudumarta ke zamewa in an tura ta da yatsa ta zama abun tsoro.

Sai gwajin juyawa. Na riƙa ɗana gudumar a hankali a kowane rami ina saurare, so ake kaji ƙarar makullin silinda ya faɗa gurbinsa kafin gudumar ta kai ƙarshe, duk shidan sun faɗa kan lokaci. Tazarar da ke tsakanin fuskar silinda da gindin bututu na sa geji, siririn ƙarfen awon tazara, 0.006 na inci ya shiga da ɗan tauri, daidai ke nan. Abu ɗaya da bai min ba shi ne silindar na ɗan motsi gaba da baya in ka tura ta, kaɗan ne amma akwai, irin abun da harsashi mai zafi ke jawo wa waɗannan tsofaffin in an daɗe ana dukansu da shi.

Gaskiya duk sanda na juya ta a hannu sai na ƙara sonta. Bututun inci 6 da rabi ne, wanda kamfanin ya daina yi a 1979 suka koma inci 6, ga ɗan fil ɗin nan da ke ratsa gindin bututun, ga ramukan silinda da aka faffaɗa bakinsu yadda gindin kwanso ke nutsewa ciki ya yi daidai da fuskar ƙarfen. Duka biyun an bar yinsu wajen 1982 saboda aikin na cin lokaci. Baƙin nata mai sheƙi ne kana iya ganin fuskarka, sai ɗan kodewa a bakin bututu inda kube ya ci. Wasu za su ce a sake mata fenti, ni dai a'a.

Da la'asar na tafi filin harbi. Na fara da harsashin .44 Special, shi ne yayan, .44 Magnum ɗin daga jikinsa aka fitar da shi a 1955 bayan Elmer Keith, wani maharbi ɗan Amurka mai rubutu kan bindigogi, ya shekara da shekaru yana cusa wa Special albarushi fiye da ƙima yana matsa wa kamfanonin su yi wanda zai jure, kamfanin Remington suka yi harsashin Smith & Wesson suka yi bindigar. Sun ƙara wa kwanson tsawo da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci dan kar wani ya zura shi a tsohuwar Special ya tarwatsa hannunsa. Shi ya sa tawa ke cin duka biyun. Da Special a bindiga mai nauyin kilo ɗaya da ɗoriya wallahi daɗi ne zalla, ɗan turi kawai take yi, kuma ko sau ɗaya ba ta yi min ƙyas ɗin nan ba, duk kwanson da na ciro lotsawarsa mai zurfi ce a tsakiya. A mita 25 ramukan sun taru waje guda amma ɗan hagu, na juya sukurun saitin baya kaɗan suka dawo tsakiya.

Kafin in sa Magnum sai da na bi ramukan da buroshi, saboda gajeren kwanso na barin zoben baƙin datti a ciki, in dogo ya hau kansa sai fitar da shi ya zama aiki. Harsashi mai nauyin giren 240 na sa. Kai! Shurin nan kaman jaki ya same ka a tafin hannu, baki ya ɗaga sama, wuta ta feso ta gefen silinda, shi ya sa ba a kai yatsa kusa da tazarar nan ko da wasa. Katakon mariƙin ga kyau amma zanen jikinsa cizo yake. Wani dattijo da ke layin kusa da ni ya ajiye tasa ya matso, sai da na buɗe silinda na ajiye ta sannan ya ɗaga abun toshe kunnensa yace, "Ɗana, wannan ai ta girme ka, ka riƙa tausaya mata." Nace "Baba ai silinda ɗaya ce kawai, in ji muryarta." Yayi dariya ya nemi izini ya ɗauka, ya duba fil ɗin bututun ya gyaɗa kai, sannan ya rufe silindar da tafin hannu a hankali, ba irin wurgawar nan da yara ke yi da wuyan hannu ba wadda ke lanƙwasa hannun silinda. Daga nan na san ya san abun.

Shi ma ya ji motsin gaba da bayan, yace ƙananan zobba ne sirara ake sawa a ciki su cinye tazarar, amma in bar wa mai gyaran bindiga ya auna da kansa. Hakan zan yi, kuma har sai an gyara Special kawai za ta riƙa ci. Na dawo na wanke bututu da ramuka, fuskar silindar ce dai baƙin ya ƙi fita duka, na shafa mata mai na kulle ta a akwati, gobe in na samu sarari na ƙarasa.