Wasiƙar da ta kamata in rubuta zuwa Zariya

Shekarar da na gama hidimar ƙasa na samu aiki a wuri biyu cikin mako guda, bayan na shafe watanni ina yawo da takarduna a ambulan daga wannan ofis zuwa wancan. Na farko koyar da lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, inda kawuna ya kai sunana wurin shugaban makarantar, na biyu kuma aikin akawu ne a wani kamfani da ke Bompai a Kano, kusa da mahaifiyata wadda ke fama da jinya a lokacin. Zaɓin bai ba ni wahala ba. Abin da ya gagare ni shi ne sanar da mutanen Zariya cewa ba zan zo ba.

Na tashi a gidan da ba a duban idon babba a ce masa a'a. Akan ce "zan yi shawara", ko "in Allah ya yarda zan waiwaye ku", mai hankali ya gane sauran. Saboda haka da shugaban ya kira ni sai na ce ina nan tafe, da ya sake kira kuma na bar wayar tana ƙara har ta katse, ina ganin kunya ce ta hana ni ɗauka. Bayan wata guda kawu ya zaunar da ni a zaurensa ya ce, "Kai yaron nan, ka san abin da shirunka ya jawo?" Ashe an sallami wanda ya zo na biyu a ganawar, an koma makaranta a watan Satumba, 'yan aji uku na babbar sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC suka yi mako 3 ba malamin lissafi, domin ana jiran mutumin da ya riga ya kama aiki a Kano. Kawu bai ɗaga murya ba, sai dai ya ce yanzu da wane ido zai sake kai sunan wani yaro wurin.

Shekaru bayan haka wata ƙungiyar agaji ta turo mini takardar ɗaukar aiki a Maiduguri, ban kuma samu damar karɓa ba. A ranar na zauna na rubuta amsa. Na fara da godiya kan lokacin da suka ɓata suna ganawa da ni, sannan a jimla ta biyu, tun kafin mai karatu ya sa rai, na rubuta: "Bayan na yi nazari tare da iyalina, ina baƙin cikin sanar da ku cewa ba zan samu damar karɓar wannan aiki ba." Wannan jimla ta fi komai yi mini nauyi, domin hannuna ya yi ta son ƙara "a halin yanzu" ko "wataƙila nan gaba", kalmomin da ke barin ƙofa a buɗe alhali na san na rufe ta. Na goge su. Dalili ɗaya na bayar, na gaskiya, a taƙaice, ban ƙirƙiri rashin lafiya ba, ban kuma taɓo batun albashi ba, tunda ba ciniki nake nema ba. Na rufe da yi musu fatan samun wanda ya dace.

Kafin in tura imel ɗin na kira dattijon da ya haɗa ni da su, domin bai kamata ya ji labarin daga bakin wasu ba. Jami'ar ɗaukar ma'aikatansu ta amsa washegari da safe, ta yi godiya, ta ce tuni ta kira wanda ke bi mini a jerin sunaye, kuma zai kama aiki ranar Litinin.