Lambobi 12 da suka cinye mini mako guda

Aikin da Malam ya ba ni bai yi kama da abin da zai hana mutum barci ba. Akwai wata tsohuwar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na Fortran, tana lissafa yadda inji ke girgiza ta fitar da lambobi 12. Nawa shi ne in sake rubuta ta da yaren Python, sannan in tabbatar amsarsu ɗaya. Rubutun kwana 2 ya ɗauke ni. Tabbatarwar ce ta cinye mako.

Da farko na zuba amsoshin kowace a cikin set, wato jakar Python da ke tara abubuwa ba tare da jeri ba, na tambayi kwamfuta ko daidai suke. Ta ce a'a. Na duba da ido, ban ga bambanci ko na ƙwayar zarra ba, sai da na sa aka buga kowace lamba da gurbi 17, sannan na ga wutsiyoyin sun saɓa. Ba laifin kowa ba ne. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma 0.1 a wurinta ba ya ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu rubutun, dole a datse shi wani wuri. Ƙa'idar IEEE 754 da aka kafa a 1985 ta ba irin wannan lamba bit 64, wato gurabe 64 na sifili ko ɗaya, wanda bai wuce amintattun gurabe 15 zuwa 16 ba. Shi ya sa 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Ko jerin tarawa ka sauya, amsa na iya motsi: ka fara haɗa 0.1 da 0.2 kafin 0.3, ka sami 0.6000000000000001, ka fara da na ƙarshen biyu, ka sami 0.6.

To, na ce abu mai sauƙi, a mai da kowa lamba mafi kusa da ita mai gurbi 6. Ya yi aiki a gwaji da yawa, har na fara jin kaina. Sai ga 0.4127185001 da 0.4127184999, waɗanda kusan jini ɗaya ne, ɗaya ta koma 0.412719, ɗayar 0.412718. Duk inda ka ja iyaka, wata rana za ta raba wa da ƙane. Ga kuma wata matsala da ban lura da ita da wuri ba: set ba ya riƙe abu biyu iri ɗaya, in amsa ta maimaitu sai ya haɗiye ɗaya. Ke nan manhajar da ta zubar da amsa guda za ta iya tsallake gwajin lafiya lau.

Na watsar da set, na jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, na miƙa wa allclose, umarnin da ke duba ko lambobi sun yi kusa da juna, na ɗakin kayan lissafin Python mai suna NumPy. A nan na fi shan wuya. Lambobin nan masu sassa biyu ne, na zahiri da na zato, kuma tagwaye suke zuwa. NumPy da sashen zahiri yake fara jerawa. Tagwaye kashi biyu a cikinsu, a takarda, sashensu na zahiri -0.5 ne cif. A Fortran kashin farko ya ɗan gota ƙasa a gurbi na 16, a Python kuwa na biyun ne ya gota. Jeri ya hautsine, aka haɗa kowa da wanda ba abokinsa ba, gwaji ya yi ta kururuwar kuskuren da babu shi.

Ranar Alhamis na kai wa Malam wani ɓangaren da ya wuce ba gardama, wato girman motsin injin a ma'aunin mita. Bai ko kalli allon sosai ba.

"Ka ɓata ɗaya da gangan ka gani ko zai kama?"

"Ban gwada ba, Malam. Amma kun ga duk ya wuce."

"Ɓata ɗaya."

Na ninka wata lamba sau 3 a gabansa. Gwaji ya ce daidai. Na ji gumi ya tsatso mini duk da fankar da ke kaɗawa. Ashe allclose, in ba ka gaya masa komai ba, yana yafe bambancin da bai wuce 1e-8 ba, wato 0.00000001, kai tsaye, ban da kashi 1 cikin 100,000 na girman lamba ta biyu. Motsin namu kuwa na nanomita ne, wajen 1e-9. Duk abin da na ba shi, ko shirme ne, a cikin rangwamen yake. Da isclose, takwaransa na ɗakin math, na ɗauka, wanda ya shigo a Python 3.5, da ban faɗa wannan ramin ba, don shi rangwamensa na kai tsaye sifili ne. Sai dai nasa ramin na gefen sifili: ko 1e-300 ba zai yarda ta yi kusa da 0 ba.

Abin da ya zauna a ƙarshe bai kai layi 20 ba. Ana fara ƙirga tsawo, 12 da 12. Ana korar NaN, alamar da kwamfuta ke sawa in amsa ba lamba ba ce, tun a bakin ƙofa, tunda ita ko da kanta ba ta daidaita. Sannan in gina tebur na nisan kowace lamba da kowace, in ba umarnin linear_sum_assignment na ɗakin SciPy ya aurar da su ɗaya da ɗaya yadda jimillar nisan zai fi ƙanƙanta, ba wadda za ta yi miji biyu. Rangwamen ni nake rubuta shi da hannuna, gwargwadon girman abin da ake aunawa, tare da dalili a gefe. Gwajin kuma ba ya tsayawa kan e ko a'a, yana buga ma'auratan da suka fi nisa da juna.

Na kuma ƙara gwaji na biyu wanda aikinsa kawai ya ninka lamba ɗaya sau 3 ya jira a kama shi. Da na nuna wa Malam ranar Litinin, ya ce in maida ninkin 1.001 mu gani.