Zaren kututturen ayaba: yadda muke aikinsa

Ayaba sau ɗaya take haihuwa. Da an sare nonon, kututturen ya zama wa manomi kaya, sai a bar shi ya ruɓe a gona. Shi muke saye mu mai da shi zaren saƙa.

Sharaɗinmu na farko ga masu kawo mana shi ne kada ya wuce kwana 2 da sarewa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, in ya jima sai ya fara tsami, zaren ya yi duhu ya rasa ƙarfi. Wasu sukan datse bakin tsohon kututture don ya yi kamar sabo, su cusa shi a tsakiyar lodi. Ba ya wuce mu, wari ke tona shi.

Ɓawon ninki-ninki yake, kuma ba ma haɗa shi. Na waje zarensa kaushi ne, na igiya da tabarma. Na tsakiya na jaka da labule. Na can ciki, mai fari da laushi, shi kaɗai ke zuwa tufafi. Ana tsaga kowane ɓawo a tsaye, faɗin yatsu huɗu, a tura shi cikin injin kankara, wato ganga mai juyawa da ke ɗauke da wuƙaƙe marasa kaifi. Gwanintar tana wurin saita tazarar da ɓawon ke bi a ƙarƙashin wuƙaƙen: in ta matse, zaren ya guntule, in ta yi sako-sako, tsoka ta biyo shi ta bushe a jiki. Kilo 100 na ɗanyen kututture da ƙyar ke ba da kilo 1 zuwa 2 na busasshen zare. Mai cewa mun tsawwala kuɗi bai san wannan ba.

Da zaren ya fito daga injin, nan take ake wanke shi, a shanya a inuwa mai iska. Wanda aka ɗaure da sauran danshi, funfuna za ta yi masa ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita.

Sai cire danƙon da ya manne silin zaren da juna. Muna tafasa shi kamar awa 1 a ruwan soda mai ƙuna, giram 20 zuwa 40 a kowace lita, a ɗauraye sosai, a ƙarasa da ɗan ruwan khal ya kashe ragowar sodar. Tukunyar alminiyam ba ta wannan aiki, soda na cinye ta. Ta baƙin ƙarfe kuma tana ɓata launi. Sai wadda ba ta tsatsa.

A nan masu kwaikwayo ke cutar mutane. Su zabga soda, su bi da bilic, zare ya fito fari fat yana ƙyalli, a sayar da araha. Ja sili ɗaya ka gani, tsinkewa zai yi ba gardama. Namu ruwan madara ne, sai ka sa ƙarfi kafin ya tsinke.

Bayan taza, hanya biyu ce. Ko a ƙulla dogayen silin baki da baki da hannu, kamar yadda masaƙan Okinawa ta Japan ke yi, aiki mai cin lokaci da tsada. Ko a yanka shi santimita 4, a gauraya kashi 30 da kashi 70 na auduga a kaɗa a inji. In ayabar ta fi haka yawa, zaren tsaye ya riƙa tsinkewa a masaƙa, shi ya sa muke ajiye irin wannan don zaren kwance.