Kafin ka sa wa kwamfutar mutane sabon Windows, leƙa AppData

Kuskuren da yaran shagon gyara suke yawan yi a Adum, cikin Kumasi, shi ne su kwashe Desktop da Documents na mai kaya zuwa filas, wani har ya haɗa da Program Files don neman lada, sannan su goge komai. Alhaji ya koma Aboabo, ya buɗe Firefox ya tarar da shi fayau, babu shafukan da ya adana, babu kalmomin sirrinsa.

Manhaja gida biyu gare ta. Jikinta yana C:\Program Files, amma saitunanta suna C:\Users\sunan mai shi\AppData. Tun daga Windows Vista a 2007, manhaja ba ta rubutu a Program Files sai da izinin mai gudanarwa. Kuma in mutum uku suna amfani da kwamfuta ɗaya, kowa da asusunsa, dole kowa ya samu nasa ma'ajin. Saboda haka kwafar Program Files wahalar banza ce.

AppData a ɓoye take. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta %APPDATA%, za ka faɗa cikin Roaming, inda ƙananan saituna suke. %LOCALAPPDATA% kuma zai kai ka Local, ma'ajin kaya masu nauyi da tarkacen wucin gadi. Jaka ta uku a AppData, LocalLow, ba kasafai take da abin ɗauka ba.

Na Firefox yana Roaming\Mozilla\Firefox. Ɗauki jakar gaba ɗaya, har da profiles.ini. Kalmomin sirri suna cikin logins.json, makullinsu yana key4.db, in ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, ka ɗauko akwati ne ka bar ɗan makulli. Wasiƙun Thunderbird, manhajar imel, ma suna Roaming.

Chrome ne mai wayo. Nasa yana Local\Google\Chrome\User Data, kuma fayil ɗin Bookmarks, na shafukan da aka adana, yana kwafuwa lafiya. Kalmomin sirri kuwa an ɗaure su da asusun Windows na wannan kwamfutar, ba za su buɗu a sabon Windows ba. Sai dai mai kaya ya fitar da su zuwa fayil na CSV tun kafin a goge, ko ya shiga da asusunsa na Google su hau can. A gabansa za a yi wannan, kuma a goge CSV ɗin bayan an mayar, domin kalmomin sirrin a fili suke rubuce a cikinsa.

Rufe manhajar kafin kwafa, in ba haka ba wasu fayiloli za su ƙi tafiya. Wasu manhajojin kuma a rajista, kundin saitunan Windows, suke ajiya, ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER\Software. Da regedit, manhajar buɗe rajista, ake fitar da reshen.

Ga kuma ɓarnar dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur daidai lokacin da manhaja take rubuta saitunanta, fayil ɗin ya tsaya rabi, manhajar ta ƙi tashi. Yaro ya cire ta ya sake sawa har sau uku, shiru, domin cirewa yawanci Program Files take sharewa, ba ta taɓa AppData, lalataccen fayil yana nan yana jiran sabuwar. Nemo jakar manhajar a Roaming ko Local, ƙara mata .tsoho a ƙarshen suna, ka sake buɗe manhajar, za ta gina sabuwa da kanta. Kar ka goge tsohuwar, daga cikinta za ka tsinto fayilolin da suka tsira, ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa.